Mu Ma Mun Ga Ruwan Goronyo

Yau maganar babur na zo da ita, wanda mu a nan Sakkwato muka fi kira mashin. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, to ina ruwan mace da babur, abin da ba ita ke tuƙawa ba? 'Yar uwa, da ruwanki har da tsaki. Shi ke kai ki asibiti ranar awo, shi ke kai yara makaranta, shi ke kai ki gidan suna da gidan gaisuwa, kuma a gidaje da yawa shi ke kawo cefanen da za ki ɗora tukunya da shi. Sannan shi ɗin ne dai, in an yi rashin sa'a, yake sa mace shiga takaba tsakanin hantsi da azahar. Abin da ke da hannu a tuwonki da aurenki haka, ai bai kamata ki bar wa maza maganarsa su kaɗai ba.

Ni haifaffiyar Sakkwato ce, aure kuma ya ajiye ni a Ƙofar Atiku, ɗaya daga cikin ƙofofi takwas na tsohon birni, wadda ta ci sunan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku da ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842. Ganuwa ta daɗe da tafiya, amma suna ya zauna daram. Maigidana ɗan kabu-kabu ne, wato abin da Kanawa ke ce wa acaɓa, mutanen Legas kuma okada. A Kano an hana wannan sana'a tun watan Janairu na 2013, a Legas ma an hana ta a wasu sassa a watan Yuni na 2022, amma mu nan da ita muka yi aure, da ita muka haifi 'ya'ya, da ita kuma muke biyan kuɗin haya.

Su maigidan suna da wata 'yar ƙungiya da ta samo asali daga majalisar hira ta gindin dogon yaro. Ba duka ne 'yan kabu-kabu ba, akwai tela, akwai malamin firamare, akwai mai sayar da albasa, akwai kuma bakanike wanda shi ne likitan baburansu gaba ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne kowa yana da babur, kuma kowane mako kowa yana zuba naira 200 a asusu. Sau ɗaya a shekara, cikin hunturu, sukan ajiye neman kuɗi su jera baburansu su fita bayan gari tun safe, sai yamma su dawo. Ba fasinja, ba kaya, tafiya ce kawai don ganin ƙasa da sada zumunci.

Irin wannan ba su suka fara ba. A Legas akwai masu manyan babura da kan haɗu ranar hutu su bi hanyar bakin teku zuwa Badagry. Har ma a 2022 wani ɗan Nijeriya mai suna Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan har Legas cikin kwana 41, don wayar da kan jama'a game da cutar shan inna. To namu ba su da teku, ba su da manyan babura, daga mai Boxer sai mai Jincheng da ya sha faci. Amma suna da Gulbin Rima da fadamarsa, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ba zan ɓoye muku ba, matan 'yan ƙungiyar da yawa ba sa son wannan fita. Kuma in kin saurare su, ba maganar banza suke yi ba. Wata ta ce yini guda ba a fita nema ba, ga kuɗin mai an ƙone, wa zai cike gurbin cefanen? Wata ta ce tun da suka fita gabanta ke faɗuwa har su dawo. Wata kuma ta rage murya ta ce ita ba ta yarda da wannan yawon ba, da haka ake gano 'yar Fulani a ƙauye a dawo maka da maganar kishiya. Duk na ji, amma ni tun farko ga yadda na kalli abin. Mutumin da ya shekara yana kai mutane inda suke so, a rana a iska a ruwa, wannan ya ce tsaya nan, wancan ya ce juya can, bai taɓa murɗa babur ya nufi inda ransa ke so ba, in ya nemi rana ɗaya tak cikin shekara, ai bai yi zalama ba. Abin da kawai na riƙe shi ne, mu ma da muka shekara tsakanin murhu da turmi muna da ido, kuma ido ba ya ƙin kallo.

A farkon 2016 suka sa ranar zuwa Wurno da madatsar ruwa ta Goronyo. Da dare bayan ya ci tuwo ya sha ruwa, na gyara zama na ce, "Maigida, bana da ni za a tahi." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ke? Kina iya zama bisa mashin har Goronyo?" Na ce, "Wadda ta iya zaman naƙuda, zaman mashin mi a a ciki? Amma sharaɗina ukku na. Ka samo mini hular kwano tawa ta kaina, ba mu tahiya da yaro ko guda, kuma magariba ta ishe mu gida." Ya yi shiru, can ya ce zai kai maganar gaban shugabansu. Ashe da maganar ta isa majalisa sai kowa ya ce shi ma tasa ta daɗe tana yi masa wannan mitar. Nan aka yanke cewa duk wanda matarsa ke so, kuma ba ta da juna biyu ko goyo, ya zo da ita.

Saura Inna, uwar maigidana, wadda muke gida ɗaya da ita. Da ta ji sai ta ajiye carbi ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika nema Goronyo? Mace da yawo cikin maza?" Maigidan ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba guje-guje za mu yi ba, ziyara ta, kuma kowa da matatai." Ta daɗe ba ta tanka ba. Sai da ta ji ta Wurno za a bi, inda ƙanwarta ke aure, wadda rabonsu da juna shekara huɗu, sannan ta sauko. Kafin gari ya waye ta ƙulle sabulu da turare da goro a leda ta ce in kai mata, in kuma sayo mata tafarnuwa. Ashe dai gaskiyar masu magana, zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta taya ce.

Ranar Asabar aka zaɓa, kuma da dalili. Laraba kasuwar Achida ke ci, Lahadi ta Goronyo, ranakun nan hanya cike take da manyan motoci da dabbobi. Tun ranar Alhamis bakanike ya bi baburan ɗaya bayan ɗaya, ya duba birki da taya da sarƙa da fitila, ya juye baƙin mai, ya ce wa mutum biyu in ba su canza taya ba ba su ba tafiya. Lokacin litar mai a farashin gwamnati naira 86 da kobo 50 ce, kowa ya cika tankinsa daga asusu. Mu mata kuma muka raba aiki, wata masa, wata dambun nama, wata kwaɗon zogale, ni na dama kunun zaƙi na cika jarka biyu.

Babura 14 ne suka taru bayan sallar asuba, mu mata shida. Kafin a tayar, shugaban, wani dattijo da ya fi shekara 20 yana kabu-kabu, ya tsaya ya maimaita dokoki kamar yana karanta wa yara allo. Shi ne a gaba, ba mai wuce shi. Bakanike ne a baya da jakar kayan aiki da famfo da tib, ba wanda za a bari a bayansa. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa don hira. Kowa ya bar tazarar da in na gabansa ya faɗi zai iya tsayawa. Goyo mutum ɗaya ne tak. Ba a wuce gudun kilomita 50 a sa'a tunda akwai mata. Duk wanda ya ga matsala ya danna oda sau uku, kowa ya sauka gefen hanya. Duk garin da aka isa sai an ƙirga kai. Wanda kuma aka ji ya sha ƙwaya, ya koma gida tun daga nan. Na ce a raina, ashe mutanen nan da muke gani kamar ba su da tsari, in sun so sun fi 'yan biki tsari.

Kai 'yar uwa, sanyin safiyar nan ba zan manta da shi ba. Muna barin gari hazo ya rufe gabas, rana ta fito ja kamar faifai. Iska na shiga ta hannun riga, na ƙanƙame ƙarfen kariya da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe rigar maigida. Can sai ƙasa ta buɗe. Gonakin gero an girbe sai kara a tsaye, rumbuna a cike a bakin ƙauyuka, ga raƙuma ɗauke da kaya suna tafiyarsu ta isa, ga jakuna da mangala, ga 'yan matan Fulani da ƙoren nono sun nufi gari. Inda hanya ta kusanci fadama kuwa sai ki ga kore shar, albasa fage-fage, injin ban ruwa na ta tatata. Duk ƙauyen da muka ratsa yara sai su sheƙo bakin hanya suna ɗaga hannu suna ihu, tsofaffi a kan tabarma su ɗaga mana sanda. Ki riƙe wannan hoton na yara masu ɗaga hannu, zan dawo miki da shi.

Mun wuce Achida kaɗan sai muka ji oda sau uku daga baya, da ƙarfi. Kowa ya gangara gefe. Ina waiwayawa na hango amaryar tela, yarinya ce da ba ta fi wata biyar da tarewa ba, kanta ya karkata baya, hannunta biyu a wuya. Doguwar hijabi ce ta sa, irin mai jan ƙasa, sabuwa fil daga cikin kayan lefe. Iska ta kaɗa gefenta ta cusa cikin wayoyin tayar baya, taya ta fara naɗewa. Ita ba ta sani ba, mijin bai sani ba, bakanike da ke bayansu ne ya gani. Kafin tela ya gama tsayawa hijabin ta naɗe sau biyu ta shaƙe ta. Bakanike ya yi tsalle da reza ya yanke ƙyallen. Muka kewaye ta, muka ba ta ruwa, wuyanta ya yi ja ya ɗan saluɓe, jikinta na rawa kamar mazari, tana cewa, "Wayyo Inna, na ɗauka wani ya jawo ni ta baya." Uwargidan shugaba ta ciro mayafi daga jakarta ta yafa mata, ta ce, "Yi shiru ɗiyata, hijabi anka yanke, ba wuya ba."

Ku duba fa. Da gudu ake yi irin na samarin zamani, da tayar ta fizge ta ta maka da kwalta kafin kowa ya ce wani abu. Da su kaɗai ne a hanya ba mai bin bayansu, da ba wanda zai gani. Tafiya sannu-sannu da ido na baya, su Allah ya sa suka zama sanadin tsirarta. Tun daga ranar duk macen da na ga za ta hau babur sai na yi mata magana ko ban san ta ba. Ki tattare hijabinki da gefen zanenki gaba ɗaya ki danne a cinya ko ki zauna a kai, kada ki bar ko tafin hannu yana reto. Ki sa wando a ciki don ki zauna sosai, ƙafa biyu a kan mataki. Ki hau ta hagu ki sauka ta hagu, domin salansa a dama take, kuma mata nawa ne ke ɗauke da tabonta a ƙwauri? In ya karkata a kwana ki bi jikinsa, kada ki yi gardama da babur. In kuma gudun ya yi yawa, ki buɗe baki ki ce a rage. Kunyar da za ta kai ki asibitin ƙashi ba kunya ba ce.

Da hantsi muka hau tudun Wurno. Garin yana bisa tudu ne, in kin tsaya ta gefe sai ki hango fadamar Rima shimfiɗe a ƙasa, shinkafa da albasa da tafarnuwa iya ganinki. Malamin firamaren nan ya zame mana ɗan jagora. Ya ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin Sakkwato a 1809, shi ya mayar da Wurno ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya zauna a nan, a nan ya rasu a 1837, nan kuma hubbarensa yake. Da ya rasu ne ƙanensa Atiku ya gaje shi. Sai na ce ashe daga ƙofar ƙane muka taso muka zo gaida wa. Muka yi ziyara, sannan na nemi gidan ƙanwar Inna. Tsohuwar nan da ta ji daga wurin wa nake, ta rungume ni tana kuka tana shinshina turaren, ta cika mini buhun tafarnuwa ta ƙi karɓar ko kwabo.

A Wurno ne kuma na tuna da abin da aka koya mana game da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. A zamaninta mata kan taso ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyuka, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su yi tafiyar ƙasa mai nisa su zo wurinta ɗaukar karatu. Su ake kira 'Yan Taru. Kowace ƙungiya da shugabarta, jaji, wadda ake ba malfa alamar girma, ita ke gaba, ita ke kula da tsarin tafiya har a koma gida lafiya. To ashe fitar mata cikin ayari mai tsari da jagora ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Su da ƙafa suka yi, mu a bayan mazajenmu.

Daf da azahar muka isa madatsar Goronyo. Shugaba ya je ya yi sallama da masu gadi, suka nuna mana inda za mu tsaya. 'Yar uwa, gani ya kori ji. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na gadar Kwalkwalawa ba, sai ga ruwa ya haɗe da sama, ba ka ganin ƙarshensa, jiragen masunta a kai kamar ƙwaryar da aka saki. Amaryar tela da ta sha kuka ɗazu ta riƙe baki ta ce, "Wanga shi na teku?" Aka yi ta dariya. Malam ya ce an gama gina madatsar a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma an yi ta ne don ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon ɗaki, wato kowane ɗaya lita dubu. Daga nan ake sako ruwa cikin gulbi da rani, manoman fadama su yi ban ruwa, ya gangara har Sakkwato a tace shi a turo mana a famfo. Na tsaya ina kallon ruwan da nake wanke-wanke da shi shekara da shekaru ban san gidansu ba. Na kuma tuna ambaliyar watan Satumba na 2010, da gulbin nan ya cika ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ruwan da ke kwance lumui a gabana, shi ne dai wancan.

Bayan sallah muka shimfiɗa tabarmi, maza gefe mata gefe. Aka sayo tarwaɗa da karfasa daga hannun masunta aka gasa, muka buɗe masa da dambu. Abin da ya fi ruwan ba ni mamaki shi ne maigidana. Mutumin da kullum yake shigowa gida da ƙura a gira, fuska a ɗaure, lissafin mai da na cefane a baki, sai ga shi ya naɗe ƙafar wando yana jifan ruwa da tsakuwa, yana ƙyalƙyala dariya har da riƙe ciki. Na shekara tara da shi a lokacin, ban san yana da irin wannan dariyar ba. Matar mai albasa ta zungure ni ta ce, "Ashe mazan ga yara na, wahala ta tsohe da su." Ƙarfe uku muka kamo hanya, ana kiran magariba muna shiga Ƙofar Atiku, ƙugu ya yi tsami, fuska ta yi furu-furu, babura 14 cif.

Yanzu bari in juyo gare ku 'yan mata, don kada wata ta ce na yabi yawon babur ta ɗauka har da haukan da ake yi ranar ɗaurin aure. Wancan daban, wannan daban. Kun san abin da nake nufi, samari su cire salansa, su yi goyon uku-uku, wannan ya saki hannu, wancan ya miƙe tsaye, wani ya ɗaga tayar gaba a tsakiyar titi, wai rakiyar ango. Sau nawa aka tashi daga gidan biki aka koma gidan makoki? Kuma in za mu faɗi gaskiya, don wa suke yi? Don ku ne. Shewarku da tafinku su ne man da ke cikin tankin. Ranar da saurayi ya saki hannu ya waiwayo ya ga kun kau da kai kun tsuke fuska, ranar zai kama kan babur ɗinsa da hannu biyu. Wanda bai ji tausayin uwar da ta haife shi ba a kan titi, ke ma ba zai ji naki ba a cikin ɗaki.

Sai maganar hular kwano. Masu shekaru za su tuna ranar 1 ga Janairu, 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta, yadda wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai, wasu kuma suka baza jita-jitar wai ana tsafi da ita. An yi dariya, doka ta yi sanyi, amma kwalta ba ta yi laushi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Mu ba sai an kawo mana lissafi daga Turai ba. A 2019 mai albasan nan, mijin wadda ta zungure ni, ya fita sayo maganin yaro a nan cikin gari, ya bar hular a rataye don wai ba nisa. Wata mota ta buge shi ta baya, kansa ya daki bakin kwalbati. Jikinsa ko ƙwarzane babu, amma kwana biyu ya yi bai farfaɗo ba, ya cika. Mutumin da ya je Goronyo ya dawo lafiya da hula a kansa.

A nan ne matan da ke ƙorafin naira 200 suka ga amfaninta. Daga asusun aka biya mata hayar shekara. Bakanike ya gyara babur ɗin kyauta, ƙungiya ta samo yaro mai amana ta ba shi yana kabu-kabu da shi, kullum yamma yana kawo mata balas. Da wannan ta riƙe marayu huɗu har ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da suka saba ƙirga kai a kowane gari don kada a bar wani a baya, ba su bar iyalinsa a baya ba.

Na ce ki riƙe mini hoton yara masu ɗaga hannu. To ga inda zan karɓa. Tun daga harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yuli na 2018, gabashin Sakkwato ya fara canzawa. 'Yan bindiga a kan babura suke zuwa, ayari guda, goyon biyu da uku. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta taƙaita hawan babura da dare, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na shekarar aka afka wa kasuwar Goronyo, gwamnati ta ce mutum 43 aka kashe. Kasuwar da muka kauce wa ranar cinta don gudun cunkoso kawai. Shugaban ƙungiya ya tara su ya ce an daina fita gabas. Ya ce ba tsoron abin da za a yi musu kaɗai ba ne, a'a, yanzu in ƙauye ya ji ƙarar babura goma tare, mata goyo suke ɗauka su faɗa daji, yara su shige ƙarƙashin rumbu. Ya ce shi ba zai zama sanadin da wata mai ciki za ta faɗi tana gudu ba don shi yana son shan iska. Wallahi wannan magana ta fi komai taɓa ni. An sace shanu, an sace mutane, an kuma sace wa yaran ƙauye murnar ganin baƙo.

Daga baya kuma aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Duk da haka ƙungiyar ba ta mutu ba. Zubin mako ya ƙaru, tafiya ta gajarta. Wata shekara Sifawa suka je ta hanyar Boɗinga, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Wata shekara bakin gulbi a Wamakko kawai aka yini. Kuma yanzu sai sun aika wa mai gari tun kwana biyu kafin su zo, su shiga biyu-biyu a hankali, ba ayari guda ba. Mu mata mun kai goma masu bi, har da amaryar tela, wadda yanzu 'ya'yanta uku, kuma ita ce mai bin mata ɗaya bayan ɗaya tana duba hijabi kafin a tayar.

Don haka 'yar uwa, in maigidanki yana cikin irin wannan ƙungiya, kada ki tsaya kan a je ko kada a je. Ki tambaye shi wa ke gaba, wa ke baya, wace hanya za a bi, an tambayi lafiyarta, ƙarfe nawa za a dawo, kuma asusun nan me ya tanadar wa iyali in ta ɓaci. In ya amsa miki tiryan-tiryan, ki soya masa guzuri ki miƙa masa hularsa da hannunki, in da hali ki nemi taki ki hau baya. In kuwa ya kama inda-inda, to ba ƙungiya ba ce, taron ganganci ne, ki sa manya su yi masa magana tun wuri, rigakafi ya fi magani.

Ƙanwar Inna ta Wurno tana nan da ranta, takan aiko da tafarnuwa ta hannun direbobi, tana tambayar yaushe za mu koma. 'Yata ta fari kuma, da ta ji labarin ruwan Goronyo har ta haddace, kullum cewa take sai ta gani da idonta kafin a kai ta ɗaki. Allah ya kawo mana zaman lafiya a gabas da yamma, ya tsare mazajenmu a kan titi, ya nuna mana ranar da za a sake jera babura a hanyar Achida yara su fito da gudu suna ɗaga hannu.